Shaguna a Kan Filin Gudu

A shekarar da nake aji biyu na babbar sakandare, ni ne mai karanta labaran Hausa a taron safiyar Litinin. Makarantarmu ta maza ce, tana can wajen Tarauni, ni kuma daga Gyaɗi-Gyaɗi nake takawa kullum. Muna da wata 'yar ƙungiya ta masu haɗa labarai a ƙarƙashin malamin Turanci. Duk Juma'a sai mu zauna mu tattara abin da ya faru a mako da abin da ke tafe, malam ya duba ya soke na sokewa, ran Litinin wani ya karanta da Turanci, ni in biyo baya da Hausa. Nawa aka fi saurara, ba don na fi iya karatu ba, sai don yawancinmu Turancin ta saman kai yake wuce mu.

Labaran ba wasu na a zo a gani ba ne. Za a fara jarrabawar gwaji ran kaza, 'yan aji ɗaya su zo da tsintsiya, ƙungiyar ɗalibai Musulmi za ta yi musabaƙa, wanda ya ɗauki keken wani a bayan ofis ya dawo da shi tun ba a kama shi ba. Lasifikar ta hannu ce, batirinta kullum yana gab da mutuwa, sai na bubbuga ta a cinya take tashi. Duk da haka ina son aikin. Ina goge farar rigata tun ran Lahadi, in tsaya gaban madubin uwata ina gwada muryar masu labarai na rediyo.

Wata Litinin a farkon zango, damina na ja da baya, aka ba ni labarin da ban taɓa karanta irinsa ba: za a yi gasar wasanni tsakanin gidaje kafin a tafi hutu. Tun da muka shiga makarantar ba mu taɓa ganin an yi ba, a bakin yayyenmu kawai muke jin labarinta. An dai raba mu gida-gida tun muna aji ɗaya, Ja da Kore da Shuɗi da Rawaya, amma rabon bai taɓa yin amfani ba sai wajen shara. Ban kai ƙarshen maganar ba layuka suka kaure da sowa, sai da malamin ladabtarwa ya ɗaga dorina aka yi shiru na ƙarasa. Waɗanda suka yi nasara su ne za su wakilci makaranta a gasar shiyya.

Wanda ya yi tsayin daka har aka amince da gasar shi ne malamin wasanni. Gajeren mutum ne mai faɗin ƙirji, furfura ta fara cin gemunsa, usur ɗinsa ba ya rabuwa da wuyansa, ko salla zai yi sai dai ya cusa shi cikin riga. Shekara da shekaru an mai da shi mai tsaron ƙofa, aikinsa tare 'yan makara, darasinsa kuwa in ya zo malamin lissafi ne ke aron lokacin. Da ya samu wannan dama sai ya koma kamar saurayi.

Filin yana gaban makaranta, tsakanin azuzuwa da katangar da ke kallon titi. Babba ne, in ka tsaya a wannan ƙarshen ba ka gane fuskar wanda ke wancan. Itatuwan darbejiya sun yi layi a jikin katangar, a inuwarsu masu awara da ɗanwake ke zama lokacin tara. Da yamma kuma filin na unguwa ne, samarin Tarauni da na Unguwar Gano su kasa shi, ƙwallaye suna tashi ta ko'ina. Sai dai ciyawa da ƙarangiya sun cinye gefunansa, ga fasassun kwalabe, ga ramukan da ruwa ya bari.

Mu muka gyara shi. Wannan nake so a riƙe, domin daga baya an yi ta maganar filin kamar wani kango ne da ba mai shi. In an tashi daga makaranta sai mu fito da fartanya da lauje da manjagara. Muka ɗebo ƙasa a tsofaffin buhunan shinkafa muka cike ramuka, muka tsince kwalabe da ƙusoshi. Hannuwana suka yi bororo. Ƙarangiya ta manne wa wandona har uwata ta ce in riƙa tuɓe shi a tsakar gida kafin in shigar mata ɗaki. Da ba a samu farar ƙasa ba, malam ya sa kowa ya zo da toka daga murhun gidansu, muka tankaɗe, muka ja layukan tsere da igiya da gwangwanin madara da aka huhhuda. Ranar da aka gama, malam ya tsaya a tsakiyar fili hannu a ƙugu, ya daɗe yana kallo, sannan ya ce duk wanda ya taka masa layi shi da shi ne.

Abokin zamana a benci ɗan gidan Kore ne kamar ni. Ba a Kano aka haife shi ba. Daga wani ƙauye na Jigawa iyayensa suka taso yana firamare, suka kama ɗaki a Unguwa Uku. Mahaifinsa lebura ne, irin waɗanda ke zama a bakin titi da sassafe da shebur da diga da kwanon sarki suna jiran mai gini ya zo ya ɗiba. Abokina ba mai surutu ba ne, a aji kuma tsaka-tsaki yake. Babu wanda ya san yana da wani abu sai ranar da malam ya fara gwada mu a dogon tsere. Ya tuɓe takalmi, ya naɗe ƙafar wando, usur na tashi ya wuce. Ba gudun hauka yake yi ba, takunsa a natse yake, amma muna zagaye muna haki muna dafe ciki shi yana ƙara nisa, fuskarsa ko alamar wahala babu. Har 'yan aji uku da ke ganin filin nasu ne ya baro su a baya. Da malam ya tambaye shi inda ya koya, sai ya ce shi bai koya ba, in ya makara ne yake sheƙowa daga gida don kada a tare shi a ƙofa.

Malam ya kawo masa tsohon kambas na ɗansa. Daga ranar yaron da wasu malamai ko sunansa ba su riƙe ba ya zama wanda ake nunawa da yatsa. A gabana ya canza. Ya fara ɗaga hannu a aji, ya fara dariya da ƙarfi. Ya gaya mini mahaifinsa ya yi alkawarin ranar gasa ba zai fita aiki ba, zai zo ya gani da idonsa.

Aka ba mu gajeren hutun tsakiyar zango. Ranar da muka dawo, tun daga nesa na hango katanga a buɗe. An rushe wani sashe nata, tifa ta shiga ta nan ta juye yashi a daidai inda ake fara tsere. An kafa turaku an ɗaura igiya, an yi alamomi da jan fenti daga wannan kusurwa zuwa waccan, sun shigo ciki sun ci fiye da rabin filin. An sare darbejiyoyin, rassansu na zube ganyen bai ma bushe ba. Ga bulo jibge. Layukan tokarmu suna nan, sawun tayar tifa ya bi ta kansu.

Muka yi cirko-cirko da jakunkuna a hannu. Maigadi ya ce ranar da muka tafi hutu wasu mutane suka zo da motoci suka yi ta awo, washegari kaya suka fara sauka. Shaguna za a yi, in ji shi, a jere, fuskarsu titi bayansu makaranta. Muna nan malamin wasanni ya iso a kan babur ɗinsa, ya kashe shi, bai sauka ba. Shi ma a ranar ya gani. An bar mutum yana sa yara aiki a rana mako da makonni, babu wanda ya ga ya dace ya gaya masa. Kuma ba a yanke irin wannan shawara a kwana ɗaya. Lokacin da muke durƙushe muna tankaɗe toka, akwai waɗanda suka san abin da ke zuwa, suna wucewa ta gabanmu suna ce mana sannu da aiki. Har yau in na tuna wannan sannun sai raina ya ɓaci.

Ran Juma'a muka zauna haɗa labarai kamar kullum. Babu labarin da ya wuce wannan a makarantar, don haka shi muka sa a farko: an fara gini a filin wasa, ɗalibai suna tambayar inda za a yi gasa. Ba mu zagi kowa ba, ba mu ma san wanda za mu zaga ba. Malamin Turanci ya karanta, ya cire tabarau ya murza ido, ya ce bari ya nuna wa shugaban makaranta. Ya dawo an soke namu, an rubuta wani a ƙasa. Wai an ɗage gasar gidaje saboda wasu dalilai, za a sanar da sabuwar rana. Wai kuma makaranta na farin cikin sanar da ɗalibai cewa an fara aikin ƙawata gabanta da inganta tsaro.

Muka tambaye shi wane tsaro ne ake rushe katanga dominsa. Ya ce shi ma ɗan aike ne, umarni daga sama ya zo, kuma yana da iyali. Ban ga laifinsa sosai ba a lokacin, yanzu ma ban gani ba. Amma shi ne mutumin da ya sa muka haddace cewa labari shi ne faɗin abin da ya faru, da inda ya faru, da wanda ya yi.

Litinin muka yi layi a matse, domin yashi ya ci inda 'yan aji ɗaya ke tsayawa. A bayan layukan ana kwaɓa siminti, ƙarar shebur na shiga tsakanin addu'ar safe. Mai Turanci ya karanta nasa yadda aka rubuta, babu wanda ya motsa. Na karɓi lasifika, na karanta ɗagewar, na karanta ƙawatawar. Sai na ɗaga kai na ga yara cike da wuri suna kallona, ga gini ana yi a bayansu, ni kuma ina gaya musu wai ado ne. Ban shirya komai ba, bakina ne kawai ya ƙi tsayawa a nan. Na ce:

"Abin da ake nufi shi ne, shaguna ake ginawa a filin da muka gyara, shi ya sa ba za a yi gasar ba."

Iyakar abin da na faɗa ke nan. Babu wanda ya tafa. Gunaguni ne ya taso daga layukan baya. Mataimakin shugaba ya fizge lasifikar ya ce kowa ya wuce aji, ni kuma in bi shi ofis.

Shugaban makaranta bai doke ni ba, da ma dukan ya yi da ya fi mini. Ya bar ni a tsaye ya yi ta magana a hankali, yana juya makullin motarsa a tebur. Ya ce ni yaro ne, ban san yadda duniya take ba. Ya ce filin ba na ubana ba ne, ba kuma na ubansa ba, masu shi sun ga damar yin abin da suka yi. Na tambaye shi su wa ke nan. Ya ce irin wannan tambayar ce za ta hana ni gama makaranta in ban yi hankali ba. Aka cire ni daga karanta labarai, aka ce in zo da mahaifina, kuma daga wannan makon aka soke labaran Hausa gaba ɗaya. Na Turanci aka bari, tun da an san ba ya tayar da hankalin kowa.

Abin da ya fi wannan ciwo a makon ya faru. Lokacin tara muna zaune a barandar aji muna kallon leburori, sai na ga abokina ya ƙura wa wuri ɗaya ido. Na bi idonsa. A cikin masu haƙa harsashin ginin akwai wani dogon dattijo siriri da tsohuwar hula, yana saran ƙasa da diga a daidai kwanar da ake juyawa a tsere. Mahaifinsa ne.

Ba a daɗe ba maganar ta zagaya makaranta. Yara ba su da tausayi in ransu ya ɓaci, kuma hannunsu ba ya kaiwa ga masu motocin, sai suka huce a kan wanda ke kusa. Aka fara kiransa ɗan masu cin fili. Wani ɗan aji uku ya tare shi a bakin famfo ya ce ya je ya roƙi tsohonsa ya haƙa masa layin gudu a cikin ramin. Abokina bai rama ba. Ya daina fita tara, ya daina zuwa da kambas.

Malamin wasanni ne ya kashe maganar. Ya tara mu ya ce mai diga ba shi ya sa hannu a takarda ba, in muna ji da kanmu mu je mu tare wanda ya sa. Daga nan ya taka har bakin ramin, ni da abokina muna biye da shi, ya yi wa dattijon sallama ya miƙa masa hannu. Dattijon ya fito yana share zufa da hularsa, ya kasa haɗa ido da ɗansa. Ya ce a bakin titi aka ɗebe su a bayan mota, bai san inda za a kai su ba sai da ya ga yara da irin kayan makarantar ɗansa. Ya ce ya yi niyyar ajiye digar ya tafi, sai ya tuna babu ko ƙwayar masara a ɗaki, kuma ko ya tafi kafin azahar wani ya shiga ramin.

"Malam," in ji shi, "nan ne zai yi gudun?"

Malam ya ce nan ne.

Dattijon ya dubi ramin, ya dubi ƙafafun ɗansa. Abokina ne ya yi magana, kansa a ƙasa.

"Baba, koma kan aikinka, mai aikin yana kallo."

Ya koma. Ya yi aikin har gini ya kai linta, saman ƙofofi, kuma kullum sai an gama shiga aji yake shigowa, don kada su haɗu da ɗansa a ƙofa.

Mahaifina ma'aikacin jinya ne a asibitin koyarwa, mutum ne da ba ya son hayaniya. Da na kai masa kiran ya tambaye ni abin da na faɗa, na maimaita masa. Ya ce ƙarya ce? Na ce a'a. Ya je ya saurari shugaban makaranta, ya ba da haƙuri a kan cewa na yi magana ba izini, bai ba da haƙuri a kan maganar ba. Da aka sanar da taron iyaye da malamai sai ya yi musayar duti da wani ya je. Ya dawo gida ko abinci bai nema ba. Abin da aka tattauna, in ji shi, launin sabuwar hular makaranta ne da bikin raba kyaututtuka. Da ya miƙe ya kawo maganar fili, shugaban iyaye, wani Alhaji mai ƙamshin turare, ya ce ba ta cikin abin da aka taru a kai, a bari sai wani zama. Iyayen yawancinsu direbobi ne da masu adaidaita sahu da 'yan tireda, sun baro neman abincinsu sun zo. Wasu suka goyi bayan mahaifina, aka fara ɗaga murya. A cikin malamai, malamin wasanni kaɗai ya tashi. Ya ce shi ba ya jayayya da kowa, roƙo yake a rage zurfin ginin a bar wa yara ko zagaye ɗaya ne na gudu. Bai zauna ba aka ce wani dattijo ya rufe taro da addu'a. Mahaifina ya ce dabarar ta ci, domin ba ka iya gardama ana fatiha.

Kafin a tafi hutu aka yi wa malamin wasanni canjin wurin aiki zuwa wata makaranta a ƙauye mai nisa. Ba a sanar a taron Litinin ba, mun dai ga babur ɗinsa ya daina zuwa. A wajen maigadi ya bar wa abokina saƙo cewa kada ya bar gudu. Da aka buɗe shagunan, waɗanda ke kusa da ƙofa sun fi faɗi, tayil ake sayarwa a cikinsu, kuma Alhajin iyaye ne ke zama a kujerar roba a gabansu yana amsa gaisuwa.

An yi gasar. Wannan ma sai na faɗa, domin har yau akwai masu cewa ai an yi, me kuma muke so. A zango na biyu aka yi ta, cikin zafin bazara, a ɗan siririn wurin da ya rage tsakanin azuzuwa da bayan shaguna. Rumfunan baƙi da kujerunsu suka ci rabin wannan ɗin ma. An soke dogon tsere, an soke na miƙa sanda, an soke tsalle, domin babu inda za a yi. A madadinsu aka sa mu, samari gashin baki na fito mana, tseren buhu da tseren ƙwai a cokali da cika kwalba da ruwa, abin da 'yan firamare ke yi. Babban baƙo shi ne Alhajin iyaye, shi ya ba da kofi. Ya yi dogon jawabi a kan muhimmancin motsa jiki ga matasa, ya ce wasanni na raba yara da shaye-shaye, ya ja hankalinmu mu riƙe su da kyau. Malamai suka tafa. Ina tsaye a rana, na cije leɓe har na ji gishiri a bakina.

Tsere ɗaya na gaske aka bari, wai na mita ɗari, ko da yake kowa ya san wurin bai kai ba. Tsakanin layin ƙarshe da bangon shaguna taku kaɗan ne, bulo tsirara ko filasta ba a yi masa ba. Abokina bai so shiga ba. Gajeren tsere ba nasa ba ne, kuma ya daɗe bai motsa ba. 'Yan gidan Kore muka yi ta roƙonsa, har da waɗanda suka zage shi a da. Yana ta girgiza kai, sai ya hango mahaifinsa tsaye can bakin ƙofa cikin wankakkiyar riga, an hana shi ƙarasowa rumfa saboda ba shi da katin gayyata. A nan ya tuɓe takalmi ya shiga layi.

Sauran masu tseren hankalinsu na kan bangon, tun kafin layi suka fara rage gudu. Shi bai rage ba. Ya tsallake layin shi ne a gaba, ya kai hannu biyu ya tari bangon, ya faɗi zaune. Fatar tafin hannunsa ta sale, goshinsa ya fashe kaɗan. Babu akwatin magani a makarantar. Ni na ruga ta ƙofa na zagaya titi na sayo auduga da ruwan wanke ciwo a kemis ɗin da ke cikin sabbin shagunan, a ɗaya gefen bangon da ya ji masa ciwon. Da aka kira shi karɓar kyauta, bokitin roba ne da sabulu, ya kasa riƙewa sai ni na karɓar masa. Alhaji ya dafa kafaɗarsa aka ɗauki hoto. Hoton ya daɗe a allon sanarwa, daga ƙirji zuwa sama aka ɗauka, hannuwan ba su fito ba.

A bakin ƙofa mahaifinsa ya kama hannuwan ya juya su ya duba, ya ɗauki bokitin suka tafi. Gasar shiyya kuwa babu wanda ya sake tayar da maganarta, mai kai mu yana can ƙauye.

Shekararmu ta ƙarshe a bayan shaguna muka yi ta. Masu shagunan a bayansu suke ajiye janareta, wato a wajenmu. In an ɗauke wuta sai su tashi gaba ɗaya, malami na magana muna kallon bakinsa, hayaƙi na shigowa ta taga. Ruwan wanke-wankensu ma ta wajenmu aka yi masa hanya. A cikin wannan ƙara muka rubuta jarrabawar fita, kuma da sakamako ya zo ba daɗi, a taron safe aka tsaya aka yi mana faɗa cewa ba ma mai da hankali.

Abokina ya gama, yanzu yana jan adaidaita sahu tsakanin Unguwa Uku da asibiti. Yana da mata da 'ya'ya, ba ya cikin wahala. Ba zan ce da an bar filin da ya zama wani shahararre ba. Ban sani ba, babu kuma wanda zai sani, domin ba a bari an gani ba, kuma wannan ne ke ci mini rai. In na hau kekensa hirar duniya muke yi, ba ma taɓa maganar. Sau ɗaya na tambaye shi ko yana gudu har yanzu, ya yi dariya ya ce gwiwa ta ƙi. Malamin wasanni kuwa na haɗu da shi a wani ɗaurin aure bayan ya yi ritaya, ya tsufa ƙwarai. Bai gane ni ba sai da na ce ni ne abokin yaron nan mai gudu ba takalmi, sai ya riƙe hannuna ya yi ta tambayar lafiyarsa.

Ni ma aikin asibiti na bi kamar mahaifina, kuma har yanzu a Gyaɗi-Gyaɗi nake. In ka bi titin yau ba za ka san akwai makaranta a wurin ba. An ɗora bene a kan shagunan, ƙofar ta koma lungu tsakanin mai tayil da mai gyaran waya. Ɗan yayata yana can a aji ɗaya. Da la'asar shi da abokansa a layinmu suke ƙwallo, a kan kwalta, kwata dama kwata hagu, duwatsu ne ragarsu. In mota ta taho wani ya yi kira, a ɗauke ƙwallo a raɓe jikin katanga, ta wuce a ci gaba. Bara adaidaita ta bugi wani ƙaraminsu, ni na ɗaure masa ƙafa kafin a kai shi asibiti, kuma a wajen dubiya abin da manya suka yi ta faɗa shi ne yaran yanzu ba su da tarbiyya, sun mai da titi filin wasa. Maƙwabta suka haɗu suka ce kowa ya kore su daga ƙofar gidansa. Na ce ban da tawa. A watan jiya suka fasa mini gilashin taga, na sa aka toshe da katako. Matata tana ta faɗa, su kuma suna nan suna wasansu.